Yadda kuɗin yara ya shigo gidan ma'aikaci

Tsofaffinmu sun san lokacin aikin tilas. A watan Afrilu na 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka soke shi da dokar Houphouët-Boigny. Amma an bar wata magana: ma'aikacin Bature a Faransa yana karɓar kuɗi a kan kowane ɗa da ya haifa, baƙin mutum kuwa sai albashinsa tsura, kamar gwauro.

Hujjar masu mulki ita ce wai iyalinmu daban ne. Wai matar lebura tana ƙauye tana noma, ita za ta ci da yaran, kuma in an ba shi kuɗin yara, ƙarin aure zai yi. Sun san da wahalar mata ke nan, har sun sa ta cikin lissafi don albashi ya yi araha.

Ma'aikata ba su yarda ba. Daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aiki, wata biyar da ƴan kwanaki. Hanyar da ta fi suna ita ce Dakar-Niger, kuma kogin ake nufi, don a Kulikoro ta tsaya, ba ta iso mu ba. Wata biyar babu albashi, wa ya ɗora tukunya? Mata ne, da ƴan sana'o'insu da taimakon dangi na ƙauye.

Daga nan abin ya zo kaɗan-kaɗan. A 1950 dokar Lamine Guèye ta ba ma'aikatan gwamnati kuɗin iyali, har masu mata fiye da ɗaya. A Nuwamba 1952 aka yi yajin gama-gari, a Disamba dokar ƙwadago ta fito. Ma'aikatan kamfanoni sai 1956 suka samu nasu.

To, kuɗin da sharaɗi ya zo. Mai ciki ta je awo, a yanka wa jariri takardar haifuwa, likita ya riƙa duba shi, in ya isa a sa shi lakkwal. Ba mu raina wannan ba, don yara da yawa sun ga likita ta dalilinsa. Sai dai da sunan maigida ake buɗe takardun, kuma sai wanda ya yi watanni a jere yana aikin albashi. A ƙasarmu irinsu ƴan ƙalilan ne. Manomin gyaɗa na Maraɗi ko Damagaram bai shiga ba. Ɗan ci-rani da ke tafiya Kano ko Kumasi bayan kaka, ya komo da faɗuwar ruwa, shi ma bai shiga ba. Matarsa ta riƙe gida rani guda da furar saidawa da ɗan abin gamanarta, ba a rubuta sunanta a littafin kowane asusu ba.