Tarihin Jan Garin Nan Na Feshin Gona

Wani mai sauraronmu, manomin tumatir, ya aiko da takarda yana cewa: wai shin mene ne asalin jan garin nan da ake damawa a fesa wa amfanin gona, kuma me ya sa wani lokaci ba ya aiki?

To, Malam, madalla da wannan tambaya. Shi wannan gari daga jan ƙarfe ake yin sa. Idan maƙeri ya gasa jan ƙarfe a wuta, za ka ga bayansa ya yi baƙi, to ƙarfen ne ya haɗu da iskar oksijin. Wannan haɗi iri biyu ne, akwai baƙi akwai ja. A cikin baƙin, kusan kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe ne, a jan kuwa kusan kashi 89. Dukansu ba sa narkewa a ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin ya faro ne daga Faransa. A shekarar 1807 wani masani mai suna Prévost ya gano cewa ɗan sinadarin jan ƙarfe a ruwa yana hana funfunar da ke ɓata alkama tsirowa. A 1878 kuma sai wata cutar ganyen inabi ta shigo ƙasar daga Amurka, ta yi ɓarna ƙwarai. Ana nan, a 1882 wani malamin jami'ar Bordo, Millardet, yana zagayen gonaki sai ya lura inabin bakin hanya ganyensa lafiya lau, na ciki kuwa ya zube. Ashe masu gonar ne suka yayyafa masa shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa don masu wucewa su ji tsoron tsinka. Maganin ɓarayi ya zama maganin cuta ke nan! A 1885 ya bayyana wa duniya wannan haɗi.

Sai dai haɗa shi akwai wahala, shi ya sa aka nemi gari wanda damawa kawai za a yi. A 1932 wani masani a Amurka, Horsfall, ya nuna amfanin jan garin wajen wanke iri kafin shuka. Daga baya manoman koko a Najeriya da Gana da Kamaru suka rungume shi don cutar da ke baƙanta 'ya'yan koko.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Tun da ba ya narkewa, ba ya shiga jikin shuka, a kan ganye yake zama kamar mai gadi. Raɓa ta sauka, ya saki kaɗan ya kashe ƙwayar cutar kafin ta kutsa. Wato rigakafi ne. Idan ganye ya riga ya ruɓe, ko buhu guda ka fesa ba zai farfaɗo ba. Sabon tofo kuma ba shi da kariya sai an sake feshi, haka ma bayan ruwa mai ƙarfi.

Kada kuma ka wuce awon da aka rubuta a jikin takardar, don jan ƙarfe taruwa yake a ƙasa. Kada ka wanke tankin feshi a rafi, yana kashe kifi, kuma ka nisanta shi da tumaki, hantarsu ba ta jure shi. Ku kuma 'yan kasuwa, don Allah ku riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar aikinsa.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da damina mai albarka.