Turancin Sana'a ga Ɗaliban Gashin Ƙashi: Nazari daga Buƙatun Majiyyatan Nangere da Potiskum

Tsakure

Maƙalar ta binciki irin Turancin da ɗalibin gashin ƙashi yake buƙata idan aiki zai kai shi yammacin jihar Yobe. An nazarci ma'aunai biyu da tsarin rubutun asibiti guda. An gano cewa babban aikin harshe da ke jiransa shi ne ya ji koke da Hausa, ya rubuta shi da Turancin da abokin aiki zai dogara da shi.

Gabatarwa

Da Turanci wannan sana'a ta shigo Najeriya, a 1945, ta hannun Turawan Ingila biyu a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, aka kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista a 1988. Ɗan Yobe da ya nufi Jami'ar Bayero ko Jami'ar Maiduguri don wannan karatu, da Turanci zai yi shi tun daga laccar farko har jarrabawar fita. Amma manomin da za a kawo masa daga Sabon Garin Nangere da shanyewar ɓarin jiki, da Hausa zai yi magana, wataƙila ma da Karekare, ɗansa na tafinta.

Bitar ayyukan da suka gabata

Munby (1978) ya shimfiɗa hanyar tantance buƙatun mai koyo dalla-dalla. Hutchinson da Waters (1987) suka raba buƙatun gida uku: abin da aikin ya wajabta, abin da ɗalibi ya rasa, da abin da shi kansa yake so. Ba ni da ja da wannan rabo. Inda na saɓa shi ne da yadda littattafan Turancin asibiti da ake shigowa da su suka ɗauki wurin aiki a matsayin wurin harshe ɗaya. A cikinsu likita na tambaya da Turanci, majiyyaci na amsawa da Turanci. Wannan ya dace da mai shirin jarrabawar IELTS don neman aiki a Ingila. Bai dace da asibitin Potiskum ba, inda Turanci yake zaune a cikin fayil, Hausa kuma a bakin gado. Darasin Turanci na bai-ɗaya da jami'o'inmu ke bayarwa a shekarar farko kuwa nahawu da insha'i ya sa a gaba.

Hanyar bincike

Nazarin matani aka yi. An ɗauki ma'aunin Oswestry na ciwon baya (1980), da ma'aunin ciwo na McGill (1975), da tsarin rubutun asibiti na SOAP, aka auna kowanne da ayyukan yau da kullum na mutanen yankin.

Sakamako da tattaunawa

Inda abin aunawa ne da lamba, Turanci ba ya wahalar da ɗalibi. Ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5 ake rubuta shi, lanƙwasar gwiwa kuma da digiri. Hadda ta wadatar.

Matsalar tana sashen farko na SOAP, wanda ake rubuta abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa. Ma'aunin Oswestry yana da sassa goma, daga ciki akwai zama, tsayuwa, tafiya, ɗaga kaya da barci. Zaman da yake tambaya a kai na kujera ne, tafiyar kuma da mil ake ƙiyasta ta. Dattijon Nangere a kan tabarma yake zama, kuma ba da mil yake auna tafiyarsa ba. Abin da zai ce shi ne, "Likita, yanzu a zaune nake salla, ruku'u ya gagare ni." Matar aure za ta ce ba ta iya jawo guga daga rijiya, ko ta kasa sunkuyawa shara. Manomi zai ce kunya biyu yake yi da fartanya sai ya miƙe ya dafe ƙugu.

Kowace jimla a nan bayanin asibiti ce cikakkiya. Ruku'u lanƙwasa ƙashin baya ne zuwa gaba. Sujada da zaman tahiya suna gwada gwiwa da idon sawu. Kuma tunda sau biyar ake salla a yini, majiyyaci ya fi kowa sanin ranar da abin ya fara sauƙi. Ɗalibin da aka ba jerin kalmomi kawai sai ya taƙaita duk wannan da cewa mutumin yana fama da ciwon baya. Wanda ya karɓi fayil ɗin bayan wata biyu ba shi da abin da zai gwada sauƙi da shi. Wannan hasara ce ta magani, kuma a kan majiyyaci take faɗawa, mutumin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye, wanda idan bai ga canji ba wajen maɗori zai koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarinta na 2001 kan nakasa, ta sa abin da mutum yake iya yi a cikin jama'arsa a tsakiyar awo.

McGill ya ƙara fito da giɓin. Siffofin ciwo 78 ya jera da Turanci, alhali majiyyacinmu zogi, raɗaɗi, suka ko tsami zai ce. Dole ɗalibi ya ƙara tambaya kafin ya zaɓi abin da zai rubuta, domin ciwon da ke bin jijiya zuwa ƙafa da wanda ya tsaya a tsoka ba gashi ɗaya ake yi musu ba.

Masu bincike a Jami'ar Bayero sun fassara Oswestry zuwa Hausa, aka buga aikin a 2019. Wannan ya sauƙaƙa tambaya. Rubuta amsar da Turanci kuwa yana nan kan ɗalibi. Don haka nake ganin a shekarun da ɗalibai ke zagayen asibiti a riƙa ba su koke da Hausa suna mayar da shi rubutun SOAP, malamin Turanci da malamin gashi su duba tare.

Iyakokin bincike

Za a ce ba a yi hira da ɗalibai ba, ba a kuma buɗe fayilolin asibiti ba. Haka ne, matani kawai aka nazarta. Karekare da Ngizim da Bolanci ma suna buƙatar nasu nazarin, musamman inda magana ke bi ta bakin tafinta kafin ta iso Hausa.