Filin Jirgin Saman Kano: Daga Sukuwa Zuwa Yau

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yawancinmu da neman abinci ya kai Ikko, Abuja ko Fatakwal mun sha sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kuɗin hukuma ne ya raine shi tun yana jariri.

A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. Wannan ita ce saukar jirgin sama ta farko a Kano. A 1936, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartoum da Kano, ta Fort Lamy da Maiduguri. Cinikin hanyar bai isa ya riƙe ta ba. Tallafin da gwamnatin Ingila take bai wa kamfanin shi ne ginshiƙinta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, gwamnatocin Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya suka haɗa hannu suka kafa kamfanin West African Airways, Nijeriya ta ɗauki kaso mafi tsoka na ɗawainiyarsa. Jiragen Turai kuwa masu ƙetare Sahara da yawa sukan yada zango a Kano su sha mai. Kamfanin KLM ya fara zuwa a 1947, aka kuma buɗe sabon ginin fasinjoji a 1957.

A 1958 aka kafa Nigeria Airways, wanda ya zama mallakar gwamnati ɗungurungum a 1961. Jiragensa ne suka haɗa Kano da Sakkwato, Maiduguri, Yola da Jos, ko kujeru sun cika ko ba su cika ba, domin baitulmali ne yake cike giɓin. Ta Kano kuma dubban alhazan Arewa suka riƙa tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki.

Abubuwa biyu ne suka karya wannan tagomashi. Na farko, manyan jirage na zamani sun daina buƙatar shan mai a hanya. Na biyu, bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka durƙusar da Nigeria Airways a 2003. Kamfanonin 'yan kasuwa da suka gaje shi riba suke bi, saboda haka suka karkata zuwa Ikko da Abuja. A 2012 KLM ma ya yi sallama da Kano bayan shekara 65.

Tun daga nan hankalin hukumomi ya koma kan gine-gine. A 2013 gwamnatin tarayya ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga Sin domin gina sababbin tashoshin fasinjoji, har da ta Kano. Jihohin Gombe, Jigawa, Kebbi da Bauci su ma suka gina nasu filayen, waɗanda aikin hajji ne ya fi raya yawancinsu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a bayyane yake. Lokacin da Kano ta yi tashe, hukuma tana kashe kuɗi ne a kan tafiyar kanta. Yau kuwa gini ake ba fifiko, a bar zirga-zirga a hannun kasuwa. Ya kamata mu da muke da bakin magana a birane mu riƙa tambayar wakilanmu, duk sa'ad da aka ware kuɗin filin jirgi, wane jirgi ne zai sauka, sau nawa a mako, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari zai iya biyan kuɗin kujerar? Allah Ya maido wa Kano martabarta.