Ciro Adadin Mahaɗan Jijiyoyi daga Rumbun Bayanan Ƙwaƙwalwar Ƙuda: Nazari kan neuPrint

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ciro adadin mahaɗan ƙwayoyin jijiya daga rumbun neuPrint ta hanyar umarnin kwamfuta. Ta nuna cewa ƙwayar jijiya ɗaya tana iya fito da lambobi mabambanta, kowace daidai ce, gwargwadon tambayar da aka yi wa rumbun.

Gabatarwa

A 2020 cibiyar bincike ta Janelia da ke jihar Bajiniya a Amurka, da haɗin gwiwar Google, ta fitar da taswirar wani babban yanki na ƙwaƙwalwar ƙudan Drosophila melanogaster. Taswirar, mai suna hemibrain, ta ƙunshi ƙwayoyin jijiya kimanin 25,000. An ɗora bayanan a rumbun neuPrint, wanda aka gina a kan manhajar Neo4j, kuma ana yi musu tambaya da harshen Cypher ko da manhajar neuprint-python.

Hanyar Bincike

Mai bincike zai fara da karɓar lambar izini daga shafin neuPrint, sannan ya faɗi sigar bayanan da yake so, misali hemibrain:v1.2.1. Umarnin fetch_neurons yana kawo jadawali mai ginshiƙai biyu masu muhimmanci: pre, wato wuraren aika saƙo, da post, wato wuraren karɓa. Shi kuwa fetch_adjacencies yana ba da nauyin alaƙa tsakanin ƙwaya da ƙwaya.

Tattaunawa

A nan gizo yake saƙar. A jikin ƙuda, wurin aika saƙo guda ba ya fuskantar mai karɓa ɗaya tak, yakan watsa wa da yawa a lokaci guda. Hemibrain tana da wuraren aikawa kimanin miliyan 9.5, wuraren karɓa kuwa kimanin miliyan 64, wato kusan bakwai ga kowane ɗaya. Saboda haka wanda ya ɗauki lambar pre ya ce ita ce yawan alaƙar da ƙwayar ke fitarwa ya yi ƙwauron lissafi ƙwarai. In kuma ya tara nauyin alaƙoƙinta, zai sami lambar da ta ninka ta farko.

Ko wannan jimillar ma ba cikakkiya ba ce. Wuraren karɓa da dama suna zaune ne a kan siraran rassa da ba a kai ga haɗa su da uwar ƙwayarsu ba, wasu ƙwayoyin kuma an datse su a bakin iyakar samfurin.

Rabon mahaɗai bisa yankunan ƙwaƙwalwa shi ma yana da tarko. Yankunan suna cikin juna: misali, yankunan CA(R) da PED(R) duk suna ƙarƙashin yankin MB(R). Duk wanda ya tara su gaba ɗaya ya ƙirga mahaɗa guda sau biyu ko fiye, kuma kwamfuta ba za ta ce masa uffan ba. Mafita ita ce a tsaya kan jerin yankuna na asali, waɗanda ba sa hawa kan juna.

Kwatanta hemibrain da taswirar FlyWire, wadda aka wallafa a 2024 da ƙwayoyi 139,255 na cikakkiyar ƙwaƙwalwa, yana buƙatar ƙarin hattara. Ƙuda daban ne, hanyar ɗaukar hoto da ta gano mahaɗai daban, kuma a can an saba ƙirga alaƙa ne idan ta kai mahaɗai biyar. A ganinmu, wajibi ne duk rahoto ya ambaci sigar bayanai, ginshiƙin da aka karanta, da mafi ƙarancin nauyin da aka amince da shi.