Magnisiyam Salfet a Jinyar Masu Juna Biyu

Magnisiyam salfet magani ne da ake yi wa mai ciki ko mai jego allurarsa domin hana jijjiga, ko tsayar da ita idan ta fara. Jijjigar tana biyo bayan hawan jini mai tsanani a lokacin goyon ciki, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya. Binciken Magpie, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2002, ya ƙunshi mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya kuma nuna cewa maganin yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

A tsarin ba da maganin da ake kira Pritchard, ana fara ba da giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Daga nan sai giram 5 duk bayan awa 4, har a cika awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe.

Kafin kowace allura, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya takan duba abu uku. Takan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwa ta ga ko ƙafa za ta zabura, ta ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti ɗaya, ta auna fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa, domin ta ƙoda maganin yake fita. In ɗaya ya gaza, sai ta dakatar da allurar ta kira likita. Makarin maganin shi ne kalsiyam gulukonet, giram 1 ta jijiya.