Daga Wuƙar Crosby zuwa Kwalbar Fitsari

Magabatanmu a aikin hanji da wuƙa suka fara. A 1957 William Crosby, likitan sojan Amurka, ya fito da wani ɗan kwanso mai ɓoyayyiyar wuƙa a ciki, ɗaure da siririn bututu. Majiyyaci ya haɗiye, a yi ta jira har ya gangara ƙaramin hanji, a zuƙi iska da sirinji, wuƙar ta yanko tsokar da ba ta kai ƙwayar dawa ba. An koyi abubuwa da yawa da ita, amma wace uwa ce za ta yarda a riƙa yi wa jaririnta haka wata-wata?

Dabarar da ta sauya aikin daga Landan ta zo, wurin Ian Menzies na asibitin St Thomas, cikin shekarun 1970. A ba mutum sukari iri biyu ya sha. Laktulos babba ne, ba ya ratsa lafiyayyen hanji sai in ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon ya saki. Ɗayan ƙarami ne, ramnos ko manitol, kuma lafiyayyen hanji ne ke tsotse shi sosai. Jiki ba ya ƙona su, fitsari ke fitar da su, sai a auna a gwada wannan da wancan. Hikimar tana nan: in ciki ya yi jinkirin sakin abin sha, ko ƙoda ta yi nawa, duka biyun abin zai shafa, lissafin bai ɓaci ba.

A takarda abu ne mai sauƙi. Amma tara fitsarin jariri na awa biyar, jaka manne a jikinsa, yana kuka, kashi na neman gauraya da fitsarin, sai wanda ya taɓa yi.

Duk da haka a Keneba ta ƙasar Gambiya aka ga amfaninsa. Peter Lunn da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Lancet a 1991 cewa lalacewar bangon hanji na iya bayyana har kashi 43 cikin 100 na tsumburewar jariran da suka bi. Yaro yana ci, ba ya zawo, amma ba ya girma. Tun daga nan muka daina kallon tsumburewa a matsayin matsalar kwano kawai.

Sai aka koma kan kashi. Magne Fagerhol na Norwe ya gano kalfurotektin a 1980, sinadarin da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa inda kumburi yake, zuwa 1992 kuma aka fara auna shi a bayan gida. Yana taimakawa wajen rarrabe mai kumburin hanji da wanda cikinsa ke murɗa kawai. Sai dai a jarirai masu lafiya ma yana hawa sama, don haka ba a karanta sakamakon goyo da ma'aunin manya.

Zonulin kuwa, sinadarin da aka ce yana sassauta ɗinkin bangon hanji, wanda Alessio Fasano ya bayyana a 2000, ya fi tashe a kasuwa fiye da ɗakin gwaji. A 2018 masu bincike a Jamus suka nuna cewa wani kayan gwajin da aka fi saye ba ma shi yake kamawa ba. Ni dai ba na ɗora magani a kansa.

Yanko tsokar hanji dai bai yi ritaya ba. Sai a 2012 ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta yarda a tabbatar da cutar siliyak, wadda alkama ke tayarwa, ba tare da yanka ba, shi ma sai in awon jinin yaron ya ninka iyakarsa sau 10.