Bluebird K7: Jirgin ruwan da ya shekara 34 a ƙasan tafki, da rigimar waye mai shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Bari in fara da tambaya. A ce mahaifinka ya rasu a hatsarin mota, motar ta faɗa wani rami mai zurfi ta yi shekara talatin da wani abu a ciki. Sai wani bakanike ya zo ya ciro ta. Ku kuma a gida kuka ba gidan tarihi kyautar motar, bakaniken ya ce shi zai gyara ta kyauta. Ya share fiye da shekara goma yana aiki, ya sa ƙarfensa, ya sa guminsa, har ta tashi. To ranar da ta tashi, ta waye? Ku riƙe amsarku, domin abin nan ya faru da gaske a Ingila, sai dai a kan jirgin ruwa ne mai gudun tsiya, sunansa Bluebird K7.

Labarin ya samo asali ne daga wani Bature, Sir Malcolm Campbell, wanda ya ƙare rayuwarsa yana neman a ce babu wanda ya kai shi gudu, a tudu ko a ruwa. Motocinsa da jiragensa na tsere Blue Bird yake sa musu suna, wato shuɗin tsuntsu. A watan Agusta na 1939 ya yi gudun kilomita 228 cikin awa a wani tafki da ake kira Coniston Water, a arewa maso yammacin Ingila, ya kafa tarihi. Ya rasu a ƙarshen 1948. Ɗansa Donald, wanda aka haifa a 1921, ya ga Amurkawa na shirin ƙwace kambun mahaifinsa, sai ya ɗauko tsohon jirgin uban ya shiga fage, tare da bakaniken gidansu Leo Villa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Farkon kam bai yi kyau ba. Wani Ba'amurke, Stanley Sayres, ya karɓe kambun a 1950. A 1951 tsohon jirgin uban da Donald ke tuƙawa ya wargaje a kan ruwa yana tsaka da gudu, ya sha da ƙyar. A 1952 kuma wani ɗan Ingila, John Cobb, ya mutu a tafkin Loch Ness wajen neman wannan kambun. Mutane suka fara cewa ai akwai iyakar gudun da ruwa ba ya bari a tsallake.

Donald bai haƙura ba. Ya je wurin wasu injiniyoyi 'yan'uwan juna, Ken da Lew Norris, suka zana masa sabon jirgi na ƙarfe da alminiyom, suka ɗora masa injin jirgin sama irin mai hura iska ta baya. Shi ne K7.

Ku tsaya in yi muku bayanin yadda yake aiki, domin nan ne sirrin nasararsa, nan ne kuma ajalin mai shi. Kwale-kwalen da muka sani keta ruwa yake yi, kuma ruwa na da nauyi, yana riƙe shi. Shi K7 an ƙera shi ne ya hau saman ruwa. Yana da wasu ƙafafu biyu masu kama da ƙananan kwale-kwale a gefen gaba, hagu da dama. Idan ya ɗauki gudu sai gangar jikin ta ɗago, ya rage wuri uku ne kawai ke taɓa ruwa: ƙafafun nan biyu, da wutsiyarsa. Ruwan da ke riƙe shi ya zama kaɗan, gudu ya ƙaru. Amma fa iska na shiga ƙarƙashinsa. Idan hancin ya ɗaga sama ya wuce ƙima ko da kaɗan ne, iskar za ta ɗauke shi gaba ɗaya, kamar yadda take yaye kwanon rufi a farkon damina.

Ranar 23 ga Yuli, 1955, a tafkin Ullswater, Donald ya yi kilomita 325 cikin awa. Daga nan bai tsaya ba. Tsakanin 1955 da 1964 sau bakwai yana kafa tarihin gudu a ruwa da jirgin nan guda: ɗaya a Ullswater, ɗaya a tafkin Mead na Amurka, huɗu a Coniston, na ƙarshe a Ostareliya. Shekarar 1964 ita ce ƙololuwarsa. A watan Yuli ya yi kilomita 648 cikin awa da mota a busasshen tafkin Eyre, sannan ranar 31 ga Disamba, ana saura awoyi shekara ta ƙare, ya yi kilomita 444 a tafkin Dumbleyung da K7. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa haɗa kambun tudu da na ruwa a shekara ɗaya.

Da a nan ya ajiye, da labarin ya ƙare lafiya. Amma yana da burin ƙera mota mai injin roka, kuma kuɗi sun yi ƙasa, manyan kamfanoni sun ja baya. Sai ya ga hanyar da zai jawo hankalin duniya ita ce ya kai mil 300 cikin awa a ruwa, wato kusan kilomita 483. Matsalar ita ce K7 ya haura shekara goma sha ɗaya, kuma gudun da aka zana shi ya ɗauka tun farko wajen kilomita 400 ne. Aka cire tsohon injin, aka sa masa wani mai ƙarfi da ake kira Orpheus, na ƙaramin jirgin saman soja. Suka isa Coniston a watan Nuwamba na 1966. Makonni suka yi ta wucewa, yau iska, gobe ruwan sama, jibi inji ya ba da matsala, 'yan jarida kuma na tsaye a bakin tafki suna jira.

Safiyar 4 ga Janairu, 1967, ruwa ya kwanta luf. Ƙa'idar gasar ita ce ka tsallake kilomita ɗaya da aka auna, ka juyo ka sake tsallake ta cikin awa guda, sai a ɗauki matsakaicin biyun. Zuwan farko ya yi kilomita 479. Saura ƙiris. Maimakon ya tsaya ya sha mai, ruwan da ya tayar ya lafa, sai ya juyo nan take. A dawowar ya haura kilomita 500. Kafin ya kai ƙarshen wurin da aka auna, hancin jirgin ya ɗaga, ya tashi sama, ya wuntsila, ya faɗo kan ruwa ya tarwatse. Kyamara ta ɗauki komai. Donald ya mutu nan take, yana da shekara 45.

Har yanzu masana na musu kan dalili. Wasu na cewa igiyar ruwan da ya bari a zuwan farko ce ya tarar. Wasu na cewa injin ne ya rage ƙarfi ko ya mutu, kuma da yake turin injin na taimakawa wajen danne hancin ƙasa, da ya yanke sai hancin ya sami sarari. Masu nutso na sojan ruwa sun gano ɓuraguzan jirgin a ƙasa, amma ba su ga gawa ba. Hularsa ta kwano ta taso, haka ma 'yar tsanarsa ta beyar da yake tafiya da ita, Mr Whoppit. Aka bar sauran a ƙasan tafki, zurfin mita arba'in da wani abu.

Ya zauna a can shekara 34. A shekarar 2000 wani injiniya mai sana'ar nutso, Bill Smith, daga arewa maso gabashin Ingila, ya gano inda jirgin yake. Ranar 8 ga Maris, 2001, aka ciro shi. Wutsiyarsa na nan da shuɗin fentinta, amma gaban, inda direba ke zama, ya dagargaje. A watan Mayu aka samo gawar Donald, aka binne shi a garin Coniston ranar 12 ga Satumba, 2001.

Tun a nan kan iyali ya rabu. 'Yarsa Gina ta goyi bayan aikin, domin tana so mahaifinta ya sami kabari. 'Yar'uwarsa Jean kuma ta ce a bar shi inda yake, shi da jirginsa. Masana kayan tarihi su ma suka kawo tasu gardamar: a ajiye jirgin a murɗe yadda aka same shi, ko a gyara? Masu cewa a bar shi suna ganin kowace lanƙwasa a jikin ƙarfen nan shaida ce ta abin da ya faru a safiyar, idan ka miƙe ta ka goge shaidar. Gina ta ce ba ta so yara su zo kallon wurin da mahaifinta ya mutu, tana so su ga abin da ya ƙera. Maganarta ce ta yi rinjaye.

A watan Disamba na 2006 iyalin suka ba gidan tarihi na Ruskin Museum da ke Coniston kyautar jirgin. Smith ya ɗauki nauyin gyara kyauta, shi da 'yan sa-kai, a wani gareji a garin North Shields. Gidan tarihin kuma ya tara kuɗi ya gina ɗaki na musamman yana jiran jirgi.

Gaskiya aikin da mutanen nan suka yi ba ƙarami ba ne. Sun koma tafkin sun tsinto gutsattsarin gaban jirgin daga cikin laka. Duk ƙarfen da zai iya komawa, sun wanke shi, sun buga shi da guduma ya miƙe, sun yi masa walda ya koma mazauninsa. Wanda babu shi kwata-kwata, kamar ƙafafun gaba, suka ƙera sabo. Suka samo wani injin Orpheus. Yawancinsu suna da nasu ayyukan, da yamma da ƙarshen mako suke zuwa. A watan Agusta na 2018 aka kai K7 tafkin Loch Fad a tsibirin Bute na Sikotland, ya hau ruwa da ƙarfin injinsa karo na farko cikin shekara 51, ya yi gudun da ya kai wajen kilomita 240 cikin awa.

To daga nan ne zance ya lalace. Gidan tarihi ya ce aiki ya ƙare, a kawo mana kayanmu, ga takardar kyauta ta 2006. Ɓangaren Smith suka ce jirgin da ke gabanku yanzu akwai ƙarfenmu da injinmu a jikinsa, kuma an fahimci juna cewa za a riƙa ba mu shi wani ɓangare na shekara muna hawa ruwa da shi, domin na'ura irin wannan idan aka girke ta a ɗaki mutuwa take yi. Shekaru aka yi ana jifan juna da magana a jaridu da intanet. Har aka kai ana batun a kwance jirgin, kowa ya kwashi nasa. Ɗakin da aka gina kuwa yana nan babu jirgi. A 2023 gidan tarihin ya shigar da ƙara. Kafin a kai ga shari'a aka sasanta, Smith ya janye da'awarsa, ranar 9 ga Maris, 2024, aka ɗora K7 a babbar mota aka mayar da shi Coniston, jama'a sun cika titi suna tarbarsa, Gina na cikinsu.

Ni a nawa ganin, kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Ba don Smith da mutanensa ba, da har yau jirgin na cikin laka. Amma wahalar da ka sha a kan kaya ba ta mayar da shi naka, zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya jawo asarar shekarun nan shi ne tun farko ba a zauna an rubuta dalla-dalla ba: idan an gama, wa zai riƙe, wa zai tuƙa, kwana nawa, kuma sababbin sassan da aka ƙera na waye. Lokacin da jirgin yake tarkace kowa na ganin ana tare, babu wanda ya matsa. Da ya dawo yana sheƙi sai kowa ya tuna abin da ya ji an faɗa. Duk wanda ya taɓa barin tsohuwar motar gado a garejin abokin babansa da baki kawai, ya san irin wannan.

Kafin mu rufe, ga abin da ya faru da kambun. Wata shida bayan mutuwar Donald wani Ba'amurke, Lee Taylor, ya karɓe shi. Ranar 8 ga Oktoba, 1978, wani ɗan Ostareliya, Ken Warby, ya yi kilomita 511 cikin awa a madatsar ruwa ta Blowering, da jirgin katako da ya ƙera a bayan gidansa. Mutum biyu sun mutu wajen neman doke shi, shi Lee Taylor ɗin a 1980, da Craig Arfons a 1989. Kambun na nan inda Warby ya bar shi. Shi kuwa tafkin Coniston, yanzu doka ta taƙaita gudu a kansa zuwa kilomita 16 cikin awa, sai da izini na musamman.

Saura amsar tambayar da muka fara da ita. Idan kai ne Gina, za ka bari a miƙe ƙarfen, ko za ka ce a ajiye shi yadda ruwa ya bar shi? Idan kuma kai ne bakaniken, za ka miƙa makulli ranar da aka ce ka miƙa? Muna jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.